Idon Zahra'u na Hagu

Kibiya,
21 ga Oktoba, 2001

Zuwa ga Gwaggo Dije,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da maigida da yara, da fatan takardar nan ta same ku lafiya. Mu nan mun gode Allah, an gama girbin gero, ana cirar gyaɗa.

Na san sai kin yi tunani kafin ki gane ni. Ni ce Hidaya, 'yar marigayi Malam Alu na Lausu, wanda mahaifinki da mahaifinsa wa da ƙane ne. Sau biyu na taɓa ganinki, na ƙarshe a zaman makokin Baba. Yanzu ina aure a Kibiya, mijina Muntari manomi ne. An gaya mini kina aikin jinya a ɗakin tiyata a wani babban asibiti a Legas, shi ya sa na yi ƙarfin halin rubuto miki.

'Yata ta fari ce ba lafiya, Fatima Zahra'u, shekararta shida. Tun tsakiyar damina idonta na hagu ya fara turowa waje. Da farko mun ɗauka apolo ne, sai muka ga ba ja ba kwantsa, girma kawai yake yi. A asibitin da ke kusa da mu aka ba mu maganin ɗigawa, da bai yi ba aka tura mu Kano. Likitan ido ya daɗe yana dubawa, ya ce ƙari ne a bayan ƙwayar idon, cikin kwarmin, shi ke turo shi. Ya ce sai an ɗauki hoton cikin kai, sannan a yanki ɗan nama a gwada. Masu jira suna da yawa, ranar da ya ba mu ita ce 8 ga Janairu, bayan Sallah.

Surukata Iya Kulu ba ta yarda da jiran ba. Akwai wani mutum a Yalwa mai yi wa ido sakiya, ta ce a kai yarinyar ya huda ya fitar da mugun ruwa. Muntari yana tsakiya, ba ya son saɓa wa uwarsa. Ba ya karatun boko, duk wata takarda ni nake karanta masa, don haka abin da kika rubuto shi zan faɗa masa, kuma zai ji maganarki.

Ga takardar likitan na haɗo. Gwadabe direba, mai kai kaya Legas, ya ce ya san unguwarku. Akwai kuka da daddawa a ƙullin, ba yawa.

'Yarki,
Hidaya

*

Idi-Araba, Legas,
12 ga Nuwamba, 2001

'Yata Hidaya,

Wa alaikumus salam. Yaya zan manta da ke? Ke ce kika zauna a bakin rijiya kika ƙi cin abinci ranar da aka binne Yaya Alu. Muna lafiya, sai dai tun da aka fara maganar Shari'a a gida mu Hausawan nan muke taka-tsantsan. Kukar ta iso, na gode.

A tsaye nake rubutun nan, Gwadabe yana jira a ƙofar asibiti, ki yi haƙuri da gajartarsa.

Na nuna wa likitan da nake aiki da shi takardar. Aikinsa ke nan, shi da wani likitan ƙwaƙwalwa suke shiga tare idan yaro ya zo da irin wannan. Na sha tsayawa a kansu ina miƙa kayan aiki. Na ga yaran da suka tashi suka koma makaranta, na kuma ga waɗanda aka kawo a makare. Kwarmin ido bangonsa siriri ne, bayansa kuma ƙasan ƙoƙon kai ne, inda jijiyoyi suke wucewa. Muddin ƙarin yana cikin kwarmin, ana iya kai masa hannu.

Ki saurare ni da kyau. Kada ki bari kowa ya taɓa idon nan da ƙarfe, ko wane ne shi, ko wa ya ce. Irin wannan ƙari idan aka tsokane shi ba bisa ƙa'ida ba yaɗuwa yake yi ya shiga kai. Likitan ya yarda zai ga yarinyar. Ku jira ni, zan aiko da ranar da za ku taho.

Ki riƙa rufe idon da tsumma mai tsabta da kika tafasa. Ki gaishe da Muntari da Iya Kulu. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Gwaggonki,
Dije

*

Kibiya,
20 ga Janairu, 2002

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, barka da Sallah, ko da yake sun wuce. Da fatan kowa lafiya. Mun shigar da dawa rumbu, bana ta yi kyau.

Takardarki ta yi mana rana. Na karanta wa Muntari a gaban Iya, daga ranar ba a sake maganar mutumin Yalwa ba.

Mun bi maganarki har ƙarshe. Ranar asibitin Kano ta zo ta wuce, ba mu je ba. Muntari ya shirya tun jajibiri, har ya yi magana da mai mota. Na tuna masa cewa can ma yanka suka ce za su yi, ke kuma kin ce ko wane ne kada ya taɓa. Ya ce ai waɗannan likitoci ne. Na ce Gwaggo ma a cikin likitoci take, da ta so mu je Kano da ta faɗa. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa ja da shi irin na ranar ba. A ƙarshe ya ce, "Ke kika yi makaranta." Ya ɗauki lauje ya fita.

Jikin nata dai ga shi nan. Idon ya daina rufuwa, ba ta gani da shi. Da safe tana kukan ciwon kai, wani lokaci ta yi amai, da hantsi kuma sai ta ware ta shiga wasa. Na cire ta daga Islamiyya saboda yara suna ɗaga tsumman su leƙa. A gida take biya karatunta tana koya wa kaji. Da Sallah na yi mata lalle, ta ce in ɗaure mata idon da ɗankwalin da ya shiga da atamfar, kada a gane.

Kullum tana tambaya yaushe za mu shiga babbar mota mu je wurin Gwaggon Legas. Kayanmu a ɗaure suke. Ranar kawai muke jira.

'Yarki,
Hidaya

*

Kibiya,
27 ga Fabrairu, 2002

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ban san ko wannan za ta same ki ba, ban ma san halin da kuke ciki ba. Mun ji a rediyo an yi faɗa a unguwarku, an ƙone gidaje. Gwadabe ya dawo da takardata ta watan jiya a aljihunsa, ya ce bai iya shiga ba, da ƙyar ya fitar da motar daga garin. Ko ragunan Sallah bai kai ba bana. Yanzu ya ce zai gwada komawa, zan ba shi duka biyun. Allah ya sa kuna raye.

Babbar Sallah ta same mu ba daɗi. Zahra'u ta daina ji da kunnen hagu. Bakinta ya ɗan karkace, idan tana shan koko sai ya zubo ta gefe, wani lokaci ta ƙware. Ta rame. Ba ta zuwa wurin kajin, a tabarma take wuni.

Muntari ya ce mu koma Kano ko da ranarmu ta wuce. Na roƙe shi mu ƙara mako biyu. Ina tsoron in kai ta a yanka abin ya shiga kai, bayan kin gargaɗe ni. Iya Kulu ta daina shigowa ɗakina, sai dai ta kira yarinyar ta yi mata tofi a nata.

Gwaggo, ko layi ɗaya ne ki aiko. In ranar ba ta samu ba ki faɗa mini in sani.

Hidaya

*

Agege, Legas,
14 ga Maris, 2002

Hidaya,

Muna raye. Ɗakinmu ya ƙone da duk abin da ke ciki, an sari maigidana Alhaji Haliru a hannu amma yana warkewa. Kwana tara muka yi a barikin soja, yanzu muna raɓe a gidan ƙaninsa. Wannan duk ba shi ne abin faɗa ba.

Yau Gwadabe ya same ni a asibiti ya ba ni takardunki biyu. Nan take na karanta su.

'Yata, mai sakiyar Yalwa nake nufi. Shi kaɗai. Ban taɓa nufin likitocin Kano ba. Hoton da za su ɗauka da naman da za su gwada su ne abin da likitanmu yake son gani, na ɗauka za ku je ranarku ku taho mana da sakamakon. A kaina abin a fili yake, shi ya sa ban rubuta ba. Na sake tuna kalmomin da na yi amfani da su, na ga babu inda na ce ku je Kano. Laifina ne. Shekara ashirin ina gaya wa iyayen yara abin da za su yi, ban taɓa barin su sai sun maimaita mini ba, ke kuma na rubuto miki a tsaye.

Na samo muku rana, 12 ga Fabrairu. Na ba wani direba takardar a kasuwar kayan gwari tun ƙarshen Janairu. Ga shi ba ta iso ba.

Kada ku taho Legas yanzu, tafiyar ta yi mata nisa a wannan hali. Ranar da takardar nan ta shiga hannunki ku tafi Kano, asibitin da kuka je, wurin likitan da ya gan ta. Kada ki tsaya layin kati. Ki shiga ki ce kunne ya toshe, baki ya karkace, tana ƙwarewa. Duk abin da suka ce za su yi, ku yarda. Idan an ɗauki hoton ki roƙa a ba ki ɗaya ki aiko mini.

Na maimaita: ku je Kano, ku bar likitoci su yi aikinsu.

Dije

*

Kano,
6 ga Afrilu, 2002

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Na yi murna da kuna raye. Allah ya mayar da abin da aka rasa, ya ba Alhaji lafiya.

Daga ɗakin yara nake rubuto miki, yau kwananmu goma sha biyu. Washegarin da takardarki ta zo muka taho. Likitan ya gane mu. Ya duba katin, ya daɗe yana kallon ranar da ya rubuta da hannunsa, bai yi mana faɗa ba. Da ya yi faɗan da ya fi mini sauƙi.

An ɗauki hoton, an gwada naman. Ciwon daji ne. Ya ɗora hoton a jikin fitila ya nuna mana da biro. Ga kwarmin ido, ya cika. Ga inda bangon baya yake a da, babu shi, abin ya cinye ya wuce ƙasan ƙoƙon kai, ya naɗe jijiyoyin ji da na haɗiya. Ya ce ranar 16 za su cire idon da duk abin da ke cikin kwarmin, domin ya fara ruɓewa kuma shi ke hana ta sakat. Na cikin kuwa ba za su iya kai masa hannu a nan ba. Muntari ya dangwala yatsa a takardar yarda. Ga hoto ɗaya na haɗo, ki nuna wa likitanku, ko su can suna da dabara.

Na tambayi likitan, da mun zo a Janairu fa? Ya ce sanin wannan sai Allah.

Zahra'u ta ji ana maganar cire ido. Ta tambaye ni ko za a ba ta wani. Na ce sai ta warke. Ta ce to a ba ta irin na dama, kada su bambanta.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Da na karanta wa Muntari takardarki, na tsallake tsakiyar. Na ce masa Gwaggo ta ce Legas ba lafiya, mu koma Kano. Bai san cewa ba haka kike nufi tun farko ba. A wurinsa ke kika hana mu zuwa, kika kuma yi shiru wata huɗu. Ba ya zagin ki, amma idan an ambaci sunanki sai ya tashi. Na bar shi a haka, domin in na faɗi gaskiya ban san da wane ido zai kalle ni ba. Ki yafe mini.

Hidaya

*

Agege, Legas,
29 ga Afrilu, 2002

'Yata Hidaya,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, hannun Alhaji ya haɗe. Ina fata an yi aikin lafiya kuma ta farfaɗo.

Su biyu suka duba hoton, likitan ido da na ƙwaƙwalwa, ina tsaye. Ba zan ɓoye miki ba, kuma wannan karon zan rubuta yadda ba za a fahimce ni ta wata hanya ba. Ba za a iya cire na cikin ba, a nan ko a ko'ina a ƙasar nan. Ya zagaye babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa. In aka shiga, a kan teburin za ta tafi. Akwai allurai masu ƙarfi da gashi da na'ura, likitocin Kano za su gaya miki ko jikinta zai ɗauka. Waɗannan suna iya rage shi na ɗan lokaci, ba za su warkar da ita ba.

Na yi masa tambayar da kika yi wa naku. Ya ce irin wannan ciwon gudu gare shi, mai yiwuwa tun Janairu ya riga ya taɓa bangon. Mai yiwuwa kuma bai taɓa ba. Na so in rubuto miki rabin farko kawai, na ga bai kamata ba.

Idan suka sallame ku, ki kai ta gida. Kada ki bari maganin ciwo ya yanke, ki ba ta a kan lokaci ko ba ta yi kuka ba. Abinci mai kauri kaɗan ya fi ruwa-ruwa sauƙin haɗiya, ki zaunar da ita kafin ki ba ta. Ki yi mata magana ta kunnen dama. Abin da take so ki bar ta ta yi.

Maganar Muntari, ki bar shi a kaina. Ni ina Legas, fushinsa ba zai iso ni ba, ke kuwa gida ɗaya kuke kwana kuke tashi. Kuma ba ƙarya yake riƙe da ita ba, ni na rubuta. Kada ki gaya masa.

Na nemi hutu, sun ce sai Yuli.

Gwaggonki,
Dije

*

Kibiya,
23 ga Yuni, 2002

Gwaggo Dije,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya. Ruwa ya sauka a nan, an yi shuka.

Zahra'u ta rasu ranar Talata, 4 ga wata, bayan la'asar. An binne ta kafin magariba.

Aikin ya yi mata amfani, ba zan ce bai yi ba. Da aka cire idon warin ya tafi, ciwon ya ragu, ta samu kusan mako uku tana zama har tana dariya. An gwada allurar sau ɗaya, jikinta bai ɗauka ba, suka sallame mu. Na yi duk yadda kika ce. A ƙarshe haɗiya ta gagara, sai dai in jiƙa auduga in shafa mata a leɓe. Iya Kulu ta dawo ɗakina da tabarmarta, tare muka yi jinyar. A cinyarta ta cika.

Ban bi maganarki ta ƙarshe ba. Bayan addu'ar bakwai, da baƙi suka watse, wani ɗan'uwan Muntari ya ce ai 'yan bokon dangi ne suka kashe yarinyar nan da jira. Muntari bai musa ba. Washegari da safe na ɗauko takardunki duka, na karanta masa wadda na tsallake tsakiyarta, daga farko har ƙarshe. Na ce masa ni ce ban gane ba, ni ce na hana shi ranar da ya yi magana da mai mota.

Ya karɓi ta Nuwamba ya sa a aljihu ya fita. Daga baya na ji wurin hedimasta ya je, ya sa aka karanta masa sau biyu. Bai dawo ba sai azahar. Ya miƙo mini takardar, ya zauna a bakin ƙofa yana cire takalmi, ya ce, "Da ni na iya karatu, ni ma haka zan gane."

Daga nan bai sake tayar da maganar ba. Yana cin abincina, yana gaishe ni da safe, yana tafiya gona. Ya ce in gaya miki idan kin zo a Yuli ki sauka a gidanmu. Ban sani ba ko gaskiyar zuciyarsa ya faɗa ranar, ko tausayina ya ji. Ban tambaye shi ba, kuma ba na jin zan iya.

Ba sai kin ba da amsa ba. Ni ma ba na jin zan sake rubuta takarda nan kusa. Ki zo kawai, in nuna miki inda take.

'Yarki,
Hidaya